Ranar Da Muka Shayar Da Tumatirin Musaddiƙ

Salamu alaikum, mutanen wannan shafi. Kafin ku fara cika min waya da "Sadiya kin cika taurin kai", ku tsaya ku ji maganar daga bakina, don na san kafin sati ya zagayo labarin ya isa Bunkure an ƙara masa gishiri da magi.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Halimatu Sa'adiyya, 'yar Malam Datti manomin rani, a wani ƙauye da ke bakin kanal ɗin ban-ruwa tsakanin Kura da Kadawa. Ina ajin farko a jami'a cikin Kano, Kemistiri nake karantawa. Kuma i, ni ce yarinyar nan da ta ci uku cikin ashirin a tes ɗin Fiziks na farko. Uku, jama'a! Ni da nake zuwa ta ɗaya a sakandaren garinmu, har malamai suna nuna ni da baki. Ranar da aka liƙa sakamako, banɗakin hostel na shiga na rufe ƙofa na yi kukana son raina.

Ba ukun ce ta sa ni kuka ba, maganar Baba ce. Ranar da zan tafi makaranta ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Shekara ɗaya na ba ki, Sadiya. In kin haye ki ci gaba. In kin faɗi ki dawo gida, ba gardama." Baba kuwa ba ya magana biyu.

To ku faɗa min yadda mutum zai haye a ɗakin lakca mai mutum ɗari bakwai. Kana can baya, lasifika na ƙara, malami na zuba Turanci yana goge allo tun ba ka gama kwafar layin farko ba. Ka ɗaga hannu ka yi tambaya, 'yan makarantun kuɗi su juyo suna kallonka. Ni dai na haɗiye tambayoyina har suka yi min yawa a ciki.

A haka Anti Khadijat ta tsince ni. 'Yar aji huɗu ce a sashenmu, gajera, mai gilashi, ba ta da wasa. Ita ta haɗa mu mu tara, duk 'yan ajin farko na kimiyya, mata biyar maza huɗu, kowa da irin faɗuwar da ya sha. Duk Asabar ƙarfe goma muna haɗuwa a ƙarƙashin darbejiyar bayan lab, muna da gurup a WhatsApp mai suna "Sai Mun Haye". Dokokinta biyu ne. Ba a yi wa tambaya dariya, ko da Hausa ka yi ta. Sannan wanda ya fi kowa rashin gane darasi, shi zai koyar da shi sati mai zuwa. Da farko na ce wannan ai mugunta ce. Amma in ka san Asabar mutum takwas za su zuba maka ido, wallahi ko ba ka so sai ka gane. Tes na biyu sha ɗaya na ci.

Yanzu bari in zo kan Musaddiƙ, don na san shi kuke jira.

Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gani na ce ina so, har danginsa sun kawo kaya gidanmu. Gonarsa tana maƙwabtaka da ta Baba, ƙaramin kanal ne kawai ya raba su, tamu a hagu tasa a dama. Tumatir yake nomawa yana lodawa Legas. Dogo ne, baƙi, in ya yi murmushi sai in manta abin da zan faɗa. Shi ya kai ni rajistar jarrabawar shiga jami'a, ya tsaya a rana awa huɗu yana jirana. Bai taɓa cewa kada in yi karatu ba. Gurup ɗin nan ne kawai ya tsaya masa a wuya.

"Waye Jamaluddeen?" Haka saƙonsa ya shigo wata rana, ko sallama babu.

"Ɗan gurup ɗinmu ne, Yaya. A ina ka san shi?"

"Na gan shi a sitatus ɗinki. Yana riƙe da littafinki."

"Lissafi yake duba min."

"Matan makarantar duk ba su iya lissafi ba?"

Na tura masa hoton dariya, ya karanta bai amsa ba sai washegari. Irin haka dai muke ta yi, yau fushi gobe shiri.

Sai aka zo darasin matsin ruwa da na iska. Ban gane ko alif ba, don haka Anti Khadijat ta nuna ni da biro ta ce, "Sadiya, naki ne." Na koma ɗaki na buɗe littafi ina tsaki. Ina juya shafi sai ga zanen wani bututu lanƙwasasshe, baki ɗaya a cikin ruwa, ɗayan a waje, ruwa na hawa yana tsallake bango yana zuba. Na ƙura masa ido. Na ce kai, wannan ai saifon ɗin Baba ne! Bututun robar nan da muke ɗora wa gaɓar kanal mu ja ruwa zuwa fangali, wato kwamin shuka. Tun ina 'yar shekara bakwai nake tayar da shi, ban taɓa sanin yana cikin littafin Turawa ba.

Na rubuta a gurup. Anti Khadijat ta amsa nan take: "To ba a ƙarƙashin bishiya za ki koyar ba. Asabar mu tara muna garinku."

Na tambayi Baba, ya ce dama Asabar ce ranar ruwanmu, zai shayar da albasa, su zo. Inna ta ce za ta dafa shinkafa da wake. Saura Musaddiƙ.

A nan ne zan faɗi laifina, don ba zan yi muku ƙarya ba. Na rubuta masa, "Ƙawayena na makaranta za su zo Asabar." Ƙawayena. Ban ce da maza ba. Na san zai tafi kasuwa Kumbotso ranar, na ce kafin ya dawo sun tafi, ba sai an yi rigima ba. Ya ce, "Allah ya kawo su lafiya, ki gaishe su." Na san ban kyauta ba, amma na kife wayar.

Ranar Asabar na sa atamfata koriya mai zanen ganye, na ɗora hijabi ruwan toka, na zura silifas ɗin roba. Bas ta sauke su a bakin titi wajen ƙarfe goma. Da na hango su sai da na riƙe ciki. Rukayya, ɗaya daga cikin matan gurup, ta sha abaya baƙa mai duwatsu da gilashin rana. Jamaluddeen kuwa, ɗan unguwar masu kuɗi da bai taɓa ganin albasa a cikin ƙasa ba, farar shadda ya sa kar, da takalmi sawu-ciki yana ƙyalli.

"Malam Jamalu, ɗaurin aure aka ce maka?"

"Ai cewa kika yi darasi, ba ki ce noma ba."

Baba na tsaye a bakin kanal, ya naɗe wando zuwa gwiwa, saifon kusan ashirin a jere suna zuba cikin albasa. Suka durƙusa suka gaishe shi. Na ɗauki guda na miƙa wa Jamaluddeen na ce ya tayar. Ya tsoma, ya ɗaga, shiru. Ya sake, shiru. Ya sa baki zai zuƙa, Baba ya ce, "A'a ɗan nan, kwaɗi na ciki." Kowa ya gwada, ba wanda ruwa ya bi. Rukayya saura kaɗan ta faɗa kanal da abayarta.

Na karɓa. Na nutsar da shi duka ya cika, na toshe baki da tafin hannu, na fizgo shi na tsallakar da gaɓa na sake. Ruwa ya ɓalle shaaa. Suka sa ihu har tsuntsaye suka tashi daga gonar alkama.

Nan na tsaya, ƙafata cikin taɓo, na koyar da darasin da kwana bakwai baya ban san kansa ba. Na nuna musu dalilin da ya sa dole a kori iskar ciki, da yadda iskar waje ke danna fuskar ruwan kanal, da dalilin da ya sa in ka ɗaga bakin waje ya wuce tsayin ruwan sai ya tsaya cak. Na ɗaga, ya tsaya. Na sauke, ya dawo bayan na sake tayarwa. Anti Khadijat ta zana lissafin a ƙasa da tsinke, suka kwafa. Baba ya jingina da fartanya yana saurare, can ya ce, "Wato iska ce take turo shi? Shekara arba'in ina cewa bututun ne yake tsotsa." Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na lokacin nan ba, har hawaye sai da ya taru min.

Kafin azahar Baba ya gama ban-ruwa, ya ciro saifon ya tara a gaɓa, ya wuce masallaci. Muka nufi gida. Jamaluddeen ya ce mu je zai biyo mu, shi fa sai ya tayar da guda ko zai kwana a nan. Muka bar shi muna tsokanarsa. Bayan kamar minti ashirin ya iso, shaddar nan ta koma kalar ƙasa, yana washe baki.

Mata muka ci a tsakar gida, maza a zaure. Aka yi salla, aka ci, aka sha hira. Har wajen ƙarfe uku. Na ɗauko jug ɗin zoɓo zan kai zaure, ina daga bakin ƙofa na ji muryar Jamaluddeen yana ba Baba labari.

"Baba, ai na iya yanzu. Har taimako na yi. Gonar da ke ɗaya gefen, na ga ƙasarta ta bushe har ta tsattsage, ga tumatir ja wur abin tausayi. Na ce bari in samu lada. Guda shida na sa mata."

Baba ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Jug ɗin ban san inda na ajiye shi ba.

Ku 'yan birni bari in fahimtar da ku. Tumatir in ya nuna ana gab da tsinka, yanke masa ruwa ake yi da gangan. In ya sha ruwa a lokacin nan sai ya kumbura ya fashe, wanda bai fashe a gona ba ya ruɓe a kwando kafin mota ta kai Legas. Sati guda Musaddiƙ yana busar da gonar nan, Litinin zai tsinka. Ko yaron goye a garinmu ya san wannan. Jamaluddeen ya ga busasshiyar ƙasa ya ji tausayi.

Da gudu muka tafi, Baba a gaba. Muna isa muka tarar an riga mu. Musaddiƙ na tsaye a tsakiyar gonarsa, ruwa har idon sawu, kayan kasuwa a jikinsa, yana ciro saifon ɗaya bayan ɗaya yana jifa gaɓa. Fangali takwas sun zama tafki. Ya gaishe da Baba da ladabi kamar kullum. Sannan ya dubi mazan nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da idonsa kaina.

"Su ne ƙawayen?"

Na kasa ɗaga kai.

Jamaluddeen ya durƙusa cikin taɓon nan yana cewa shi ne, a yafe masa, wallahi bai sani ba. Anti Khadijat ta ce gobe da asuba su tara za su dawo su taya shi tsinkar abin da za a iya cetowa. Musaddiƙ bai ko kalle ta ba. Ya ce, "Na gode. Kada ƙafar kowa ta sake taka min gona."

Haka suka hau bas jiki a sanyaye.

Lahadi tun safe Inna ta sa ni a gaba. Tana tankaɗe tana faɗa, tana wanke-wanke tana faɗa.

"Kin ja mana magana a gari, Sadiya. Matan rijiya sun ce kin kwaso samari daga birni sun zo sun kashe wa yaron nan gona."

"Inna, kuskure ne."

"Kuskuren da ƙaryar? Yaro mai hankali, mai sana'a, ya yarda ki yi bokonki, me kuma kike nema? In ya zo duk abin da ya ce ki ce to. Kin ji ni ko?"

Na yi shiru. Ta ce ba da bango take magana ba. Na ce na ji. Jin dai na ji.

Na tura masa saƙo uku. "Yaya ka yi haƙuri." "Na yi ƙarya, ban kyauta ba." "Don Allah ka ce wani abu." Duk ya karanta. Sai bayan azahar ya rubuto: "Ina zuwa da la'asar. Ki fito da wayarki."

Na sa doguwar riga ruwan hoda wadda ya taɓa cewa tana yi min kyau, na shafa kwalli, na fesa turaren da ya ba ni da salla. Ku yi min dariya in kuna so, ina son mutumin nan. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, na kawo ruwa. Ya shigo da shuɗiyar shadda da hula zanna, amma hannayensa sun yi kore da ganyen tumatir, idonsa ja. Tun asuba yake tsinka. Ya ce kusan rabi ya fashe, sai dai a yanka a shanya a yi kauɗa.

Na durƙusa na ba shi haƙuri, da gaske, ba na baki ba. Na ce ƙaryar da na yi ita ta fi tumatirin ciwo, na sani.

Ya ce, "Tumatir na yafe. Allah ya ba ni, shi ya karɓa. Ƙaryar ma na yafe." Na fara sauke ajiyar zuciya. "Abu ɗaya nake so. Buɗe wayarki ki fita daga gurup ɗin nan, yanzu, ina gani. Asabar ɗin nan kuma an gama ta."

"Yaya, jarrabawa saura kwana goma sha biyu."

"Ki karanta ke kaɗai, kamar kowa."

"Ni kaɗai na karanta na ci uku."

"Sai ki ƙara ƙoƙari."

"Ƙoƙari? Har asuba nake kaiwa ina haddar abin da ban gane ba! Mutanen nan su suka ɗaga ni. Ka zo Asabar ka zauna ka gani da idonka, littafi ne da biro, Anti Khadijat na tsaye a kanmu kamar soja."

"Ni zan je in zauna da wanda ya shayar min da gona? Sadiya, jiya a gaban mahaifinki aka mayar da ni abin dariya. Yau duk wanda na gamu da shi a hanya sai ya ce min sannu da baƙi."

Na gane ciwonsa, wallahi na gane. Da ya ce in daina sa hotonsu, da na daina. Da ya ce kada su sake zuwa garin nan, da na yarda. Amma ya san maganar Baba sarai, da bakina na faɗa masa ita. Ya san in na faɗi Fiziks na dawo gida ke nan. Na dube shi na ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, in na faɗi na dawo, za ka ji haushi?"

Ya kau da kai. Bai amsa ba.

Shirun nan shi ya tsayar min da zuciya. Na ji Inna a bayan ƙofa tana gyaran murya, na san tana nan tun ɗazu. Na ɗauko wayar na buɗe gurup. Saƙonni sun taru, Jamaluddeen ya rubuta haƙuri ya fi sau goma, Rukayya ta turo tambayoyin shekarun baya. Musaddiƙ ya matso yana kallon yatsana.

Na danna wurin ɗaukar murya.

"Anti Khadijat, Sadiya ce. Asabar ƙarfe goma ina nan in sha Allahu. Ban gama darasina ba, saura lissafin. Wanda bai gane ba ya zo da tambayarsa."

Na sake, saƙon ya tafi.

Musaddiƙ ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kin zaɓe su ke nan."

"Ba Jamaluddeen nake riƙe da shi ba, Yaya. Jarrabawata nake riƙe da ita, kuma ba zan sake ta ba."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Gobe kawuna zai zo ya karɓi kayanmu."

Inna ta faɗo zauren tana salati, tana cewa in bi shi, in kira shi, in ce wasa nake. Na wuce ta na shiga ɗaki. Akwatin na-gani-ina-so da danginsa suka kawo bara yana saman sif, ja, ko ledar jikinsa ban cire ba. Na taka kujera na sauko da shi. Na cire zoben azurfar da ke hannuna na sa a aljihun gefe. Ina yi ina kuka, ba zan ɓoye muku ba, har majina. Amma ni na jawo shi da hannuna har zaure, Inna na bina tana cewa na haukace.

Baba ya dawo daga gona yana jingine babur. Ya dubi akwatin, ya dubi fuskata. Inna ta fara zayyana masa, ya ɗaga mata hannu.

"Fushi ne, ko kin yanke?"

"Na yanke, Baba."

"Kin san yaron nan ba shi da aibu."

"Na sani."

Sannan ya sunkuya ya ɗauki akwatin ya ɗora a bayan babur. Ya ce ba za a zo har gidansa a karɓi kaya kamar an kama ɓarawo ba, shi zai kai da kansa tun da sauran rana. Ya ɗaure da roba, ya ja ya ga ya yi tam. Maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga.

Ya hau, ya sa ƙafa a kan kik, ya juyo.

"Sadiya, yanzu zan ratsa garin nan da akwatin nan kowa yana kallona. Wannan kunya ɗaya ke nan, na ɗauka. Kada ki sa in ɗauki ta biyu."

Ya tayar ya tafi. Na tsaya har ya sha kwanar masallaci.

Na koma ɗaki na buɗe littafin Fiziks. Kafin in gama layin farko shafin ya jiƙe. Na goge da gefen hijabina na ci gaba.